Yadda Ake Shirya Zagayen Gari Idan Jirgin Ruwa Ya Tsaya: Ta Hannun Kamfani Ko Da Kanka?

Wata yamma a tashar jiragen ruwa ta Civitavecchia a Italiya (ana furta sunan Cibitabekiya), ina tsaye a saman jirginmu bayan la'asar, sai na ji an fara kiran sunayen mutum biyu a lasifika. Aka kira sau ɗaya, aka sake, aka kuma. Ma'aikata sun riga sun janye gadar shiga guda, saura ɗaya. Can sai ga tasi ta ci birki a bakin shinge, mata da miji suka fito a guje, matar riƙe da takalmanta a hannu. Sun samu shiga da ƙyar. Da na haɗu da mijin wajen cin abincin dare, har lokacin jikinsa bai daina rawa ba. Ya ce mini jirgin ƙasan da za su biyo daga Roma ne ya wuce su, domin ba su san cewa a babbar tashar Termini, layin da jiragen Civitavecchia ke tashi yana can ƙurya ba, tafiyar kusan minti goma a ƙafa.

Tun daga ranar na daina ɗaukar zancen zagayen gari da wasa. Jirgin ruwan yawon buɗe ido kan iso gari da safe, ya tashi da yamma, kuma 'yan awoyin da ke tsakani su ne kaɗai rabonka da wannan gari. Hanya biyu ce a gabanka: ko ka sayi zagayen da kamfanin jirgin ya shirya, su ɗauke ka a bas su dawo da kai, ko ka shirya naka. Na kamfani ya fi tsada, sau da yawa nesa ba kusa ba, amma yana da alkawari guda da babu wanda zai ba ka irinsa: idan bas ɗinsu ta makara, jirgi zai jira, idan kuma ba zai iya jira ba, kai ka tashar gaba ya zama nauyinsu. Idan da kanka ka fita, lokaci ya yi, za su tafi su bar ka. Ra'ayina shi ne kada ka yanke hukunci guda a kan tafiyar duka. Kowace tasha a auna ta ita kaɗai. Zan yi bayanin da misalin Bahar Rum, domin nan na fi sani.

Ka fara da fasfo da biza, kafin zancen kuɗi

Baturen da ke ba ka shawarar "ka fita da kanka, ba komai" yana riƙe da fasfon da zai shiga kusan ko'ina. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana lissafinsa daban ne. Ka ɗauko jadawalin tafiyar, ka rubuta kowace tasha da ƙasar da take. Italiya, Faransa, Sifen, Girka, Malta da Kuroshiya duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta ishe su. Turkiyya ba ta ciki, Montenegro ba ta ciki. To idan jirgi zai tashi daga Italiya, ya leƙa Turkiyya, ya dawo Girka, ka fita daga Schengen ka sake shiga ke nan, saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi maka ba, sai mai shiga da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana iya hana mutum hawa jirgin tun ranar farko.

Ka rubuta wa kamfanin, ka faɗi irin fasfonka, ka tambaye su tasha bayan tasha ko za a bar ka ka sauka, sannan ka tabbatar da amsarsu a ofishin jakadancin ƙasar. Ka ajiye amsar a rubuce. Akwai ƙasashen da sharaɗin sauka ya bambanta tsakanin wanda ke cikin ayarin kamfani da wanda zai fita shi kaɗai, kuma irin waɗannan dokoki suna canjawa.

Ga inda zancen ya fi shafarmu. A ce jirgi ya bar ka a Girka, tashar gaba kuwa a Turkiyya take, ba ka da bizar da za ka hau jirgin sama ka bi shi. Tafiyarka ta tsaya nan har sai ya dawo ƙasar da kake da izinin shiga, kayanka kuma suna cikin ɗaki. Don haka duk ranar da tashar gobe ke wajen bizarka, ko kuma gobe yini guda za a yi a teku, wannan ranar ba ta ganganci ba ce.

Ka auna kowace tasha da tambaya uku

Tambayoyin su ne: nawa ne nisan abin da kake son gani daga inda jirgi ya tsaya, hanya nawa ce ta dawowa, kuma jirgin a bakin gaɓa zai tsaya ko a tsakiyar ruwa.

Akwai tashoshin da biyan kamfani asarar kuɗi ne kawai. A Napoli, jirgi na tsayawa a tsakiyar gari, kana fitowa kana kallon tsohuwar ganuwar Castel Nuovo. A Basalona akwai bas da ke ɗauka daga bakin jirgi zuwa wajen gunkin Kolumbus, daidai ƙarshen titin La Rambla, daga nan kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ka duk inda kake so. A Santambul, daga tashar Galataport za ka hau taragon layin T1, tsayawa kaɗan ka sauka a Sultanahmet, ga Aya Sofiya ga Masallacin Sultan Ahmet suna fuskantar juna. A irin waɗannan wurare ƙafarka da tikitin mota sun ishe ka.

Roma kuwa wani abu ne daban. Takardar kamfani za ta ce "Roma", amma jirgi a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin. Haka Florence: a Livorno ake tsayawa, tafiyar sama da awa guda. Atina ma a Piraeus ake sauka, sai dai ita da sauƙi, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa su, kuma idan ya samu matsala ga tasi ga bas. Abin da nake dubawa ke nan, wato idan hanya ɗaya ta toshe, akwai ta biyu?

Santorini, wani tsibiri a Girka, ita ce ta fi koya mini darasi. Jirgi ba ya isa gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, sai ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane. Waɗanda suka sayi zagayen kamfani su ake fara saukewa, kuma akan kai su tashar Athinios inda bas ke jiransu. Mai fita da kansa sai ya karɓi lamba ya jira, a kai shi tsohuwar tasha a gindin dutse, garin Fira kuma yana can sama. Hanyar hawa uku ce: keken igiya (akwatin ɗaukar mutane da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe), ko matakala kusan 600, ko bayan jaki. Da safe abin da sauƙi. Da yamma ne, lokacin da fasinjojin jirage uku ko huɗu suke son sauka a tare, layin keken igiyar ke miƙewa cikin lungu. Na tsaya a layin nan rana na dukan ƙeyata, wata dattijuwa a gabana tana zaune a kan dakali tana fifita da tikitinta, muna matsawa taku biyu mu tsaya. Da na ga lokaci na tafiya sai na bi matakala, duwatsun sun yi santsi, ga kashin jakuna, na sauka ina dafa bango. Ni na iya. Da da mahaifiyata nake, da ba mu iya ba.

Shi ya sa nake cewa ka duba yawan jiragen da za su tsaya a garin ranar da za ku je. Shafuka irin su CruiseMapper suna nuna wannan, hukumomin tashoshi da yawa ma suna wallafa jadawalinsu.

Ka yi lissafin lokaci daga ƙarshe zuwa farko

Wannan shi ne ƙashin bayan komai, kuma nan mutane suka fi kuskure. Lokaci biyu ne: lokacin tashin jirgi, da lokacin da ake rufe ƙofa, wanda galibi yakan riga tashi da minti 30. A tashar da ake jigila da ƙananan jirage, na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin haka. Da lokacin rufe ƙofa za ka yi aiki, ka manta da ɗayan.

Mu ɗauki Roma. A ce jirgi zai tashi ƙarfe 7 na yamma, ana rufe ƙofa 6:30. Ni ina so in kasance a cikin jirgi 5:30, awa guda ke nan na ajiye don abin da ba a sani ba. Daga tashar jirgin ƙasa ta Civitavecchia zuwa ƙofar tashar ruwa akwai tafiya, daga ƙofar kuma sai ka jira bas ɗin da ke kai mutane gindin jirgi, ka ware wa waɗannan minti 40. Jirgin ƙasa na gama-gari daga Termini yana cin awa ɗaya da 'yan mintoci, ka lissafa masa awa ɗaya da minti 20. Ka ga ke nan jirgin 3:30 ya kamata ka hau. Ka rubuta lokacinsa a takarda, ka rubuta na biyun da ke bayansa. Na farko shi ne naka, sauran na ko-ta-kwana ne. Duk wanda ya shirya hawa jirgin ƙarshe da zai iya kai shi, ya riga ya shirya makara.

Idan ka sauka daga jirgin ruwa ƙarfe 8 na safe, za ka isa Roma wajen 10. Awa biyar ke nan da rabi a hannunka, ba goma sha ɗaya da takardar ta nuna ba. A awa biyar ba za ka ga fadar Batikan da Koloseyum (tsohon filin wasan Rumawa) da maɓuɓɓugar Trevi duka cikin natsuwa ba. Ka zaɓi babba ɗaya, ka ƙara ƙanana biyu da ke kusa da shi. Idan Batikan ce a ranka, ka sauka a tashar Roma San Pietro, jirgin yana tsayawa nan kafin Termini, ka rage wa kanka hanya.

Sai zancen agogo. Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya. Wayarka tana canja lokaci da kanta, wani lokaci ma ta kama na ƙasar da ke tsallaken ruwa. Jirgi da agogonsa yake aiki. Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da wanda ke bakin ƙofar fita, ka ɗauki hoton allon da aka rubuta lokacin dawowa.

A Italiya ka bincika ko an sanar da yajin aikin jiragen ƙasa a ranar, kalmar da za ka nema ita ce "sciopero". Sukan sanar tun da wuri. Idan ranarka ta faɗa a kai, ka sayi na kamfani, magana ta ƙare.

Sannan ka zo kan kuɗi

Ka buɗe shafin kamfanin ka ga farashin zagayen, ka ninka da yawan mutanenka, domin kuɗin na kowane kai ne. Ka lissafa naka a gefe: tikitin jirgin ƙasa, kuɗin shiga wuri, ɗan jagora idan kana so, abinci. Mutum ɗaya ko biyu, bambancin bai cika tayar da hankali ba. Amma maigida da uwargida da yara uku, sau da yawa hayar mota guda da direbanta ta fi sayen kujeru biyar a bas araha, ga shi kuma za ku tsaya inda kuke so.

Ka karanta bayanin zagayen kamfani da kyau, layi bayan layi. Shin da kuɗin shiga a ciki, ko daga waje za a nuna muku ginin? Awa nawa za a yi a cikin bas? A Kusadasi ta Turkiyya, inda ake zuwa kufan birnin Afisa mai nisan kusan kilomita 20, zagaye da yawa na ƙarewa ne a shagon dardumai ko na kayan fata, a ba ku shayi a yi ta shimfiɗa muku haja. A Italiya da Girka kuma wasu zagayen sun ƙunshi ziyarar gonar inabi da ɗanɗana giya. Kada ka biya kuɗin abin da za ka koma gefe ka zauna.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ba su cika lura da ita ba. Kamfanoni da yawa suna sayar da kujerar bas kawai: su kai ka tsakiyar Roma ko Florence, su faɗa maka wuri da lokacin haɗuwa, ka yi yawonka, su dawo da kai. Ta fi cikakken zagaye araha, kuma alkawarin jira yana nan. Ga mai zuwa karon farko, ita nake fara ba shi shawara a tashoshi masu nisa.

Idan ka yanke shawarar shirya naka

Ka fara da tikitin shiga, domin manyan wurare yanzu da lokaci ake shigarsu. Koloseyum, gidan tarihin Batikan, cocin Sagrada Família a Basalona, Akropolis (tudun tsoffin gine-ginen tarihi) a Atina, duk ana sayen tikitinsu ta intanet da ƙayyadadden lokaci. Akropolis ta ƙayyade mutum 20,000 a rana tun 2023, Pompeii ma ta bi sahu a 2024. Ka saya a shafin hukumar wurin, ka sa sunanka yadda yake a fasfo, ka zaɓi lokacin da ya ba ka sarari bayan saukarka. Ka duba ranar hutu kuma: gidan tarihin Batikan a rufe yake ranar Lahadi, sai Lahadin ƙarshen wata. A tsakiyar bazara, idan zafi ya tsananta, hukumomin Girka kan rufe Akropolis da tsakar rana, don haka ka fara da ita da sassafe.

Pompeii, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, tana da sauƙin zuwa daga Napoli. Jirgin Circumvesuviana mai zuwa Sorrento za ka hau, ka sauka a tashar Pompei Scavi, kimanin minti 40, ƙofar shiga na nan kusa. Jirgin yakan cika maƙil, ka riƙe jakarka a gaba. Tikitin takarda kuma, a jiragen gama-gari na Italiya, sai ka buga shi a na'ura kafin ka hau, in ba haka ba tara ce.

Idan ɗan jagora ko direba za ka ɗauka, ko ta shafukan intanet irin su Viator da GetYourGuide, ko kai tsaye, ka yi masa tambayoyi huɗu a rubuce. A ina daidai za mu haɗu, ganin cewa ba kowace mota ake bari ta shiga cikin tasha ba? Ƙarfe nawa za ka dawo da mu? Idan jirgi ya fasa tsayawa saboda iska ko igiyar ruwa, za ka mayar mini da kuɗina? Idan motarka ta lalace a hanya, me ka tanada? Tambaya ta uku ta fi muhimmanci, domin sharaɗin da aka saba shi ne a soke kafin awa 24, kyaftin kuwa yakan sanar da fasa tsayawa da asubar ranar. Kamfanin jirgi zai mayar maka da kuɗinka kai tsaye, na waje sai abin da kuka yi yarjejeniya. Ka karanta ra'ayoyin waɗanda suka bi shi kwanan nan, musamman fasinjojin jirgin ruwa. Wanda ya ce ka tura masa kuɗin duka ta asusun wani mutum, ka rabu da shi.

Ka gwada katin bankinka a kan sayayyar waje tun kana gida, ka kuma riƙe tsabar Yuro da za ta isa kuɗin tasi daga wuri mafi nisa da za ka je har zuwa tasha. Wannan kuɗin ba na tsaraba ba ne, ka ware shi a aljihu daban.

Salla da abinci

Nan fita da kanka ta fi daɗi. Ayarin kamfani ba ya tsayawa don azahar, ko da yake matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, ka nemi bayani wurin malaminka kafin tafiya. Ka fita da alwala, ka sa 'yar sallaya mai naɗewa a jaka. A Italiya da Girka alƙibla tana kudu maso gabas. Babban Masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin, nesa da wuraren da baƙi ke zuwa, saboda haka sai ka sa shi a lissafi tun farko idan kana son zuwa. A Turkiyya babu wahala, kusa da Afisa ma, a garin Selçuk, akwai Masallacin Isa Bey da aka gina a 1375, direbanka zai tsaya maka idan ka faɗa masa tun da safe.

Abinci kuma, a Italiya ka kula da "prosciutto" da "salame", naman alade ne, "strutto" kuma kitsensa ne, ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa a Napoli. Kifi, taliya da tumatir, ko fiza margarita sun wadatar. Kada ka ɗebi nama ko 'ya'yan itace daga jirgi ka fita da su sai ka tambaya, wasu tashoshin sun hana.

Abin da za ka fita da shi, da abin yi idan aka bar ka

Kowace yamma ana kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin. A cikinta akwai suna da lambar wayar wakilin jirgin a tashar. Ka ɗauki hotonta, ka kuma kwafe lambar a takarda, domin waya na iya mutuwa. Ka fita da katin ɗakinka, fasfo ko kwafinsa idan jirgin ya riƙe na ainihi, takardar inshora, maganin da kake sha na kwana biyu, da abin cajin waya. Ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet, ka sa alama a daidai inda jirgi ya tsaya. Inshorar da ake nema don bizar Schengen ta lafiya ce, ta aƙalla Yuro 30,000, ba lallai ta ƙunshi kuɗin bin jirgin da ya tafi ba, ka tambayi mai sayar maka.

Idan ka ga alamar za ka makara, kada ka jira sai ka iso. Ka kira wakilin tun kana hanya, ka faɗi sunanka, lambar ɗakinka, inda kake, da mintocin da suka rage maka. Kyaftin na iya ɗan jinkirtawa idan ya san kana kusa, amma ba dole ba ne a kansa, domin wurin tsayawa da matuƙin da ke fitar da jirgi daga tasha duk da lokacinsu. Idan ka tarar ya tafi, ka nufi ofishin wakilin kai tsaye. Galibi ma'aikatan jirgi sukan bar masa fasfon wanda aka bari, shi ya sa yake da kyau duk fasfon da ba ka fita da shi ba ya kasance a akwatin ajiya na ɗaki, inda za su fara dubawa. Wakilin zai taimaka maka da neman masauki da hanyar zuwa tashar gaba, amma kuɗin daga aljihunka zai fito. Kafin ka sayi kowane tikiti, ka sa ya tuntuɓi jirgin ya tabbatar maka za su karɓe ka a can, kuma bizarka ta ba ka damar shiga ƙasar. Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.